Yadda ake naɗar kiɗa da waƙa da 'yar ƙaramar rikoda

Yawancin kiɗan da ake yi a ƙasar Katsina da Daura ba ya zuwa situdiyo. A ƙofar gida ake yin sa, ko filin dambe, ko gaban fada ranar hawa, ko tsakar gida ranar wunin biki. In ba a naɗe shi nan take ba, ya wuce ke nan. Ko waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa da ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, da yawan waɗanda ke yawo a wayoyin mutane yau daga tsofaffin kaset aka kwafo su, da shuuu ɗin kaset ɗin da komai. Masu naɗa a wancan zamani abin da suka samu ke nan. Yau kuwa 'yar na'urar da za ta shige aljihun gaban rigarka tana iya ɗauko sautin da ba ya kasa na faifan CD, muddin ka san inda za ka ajiye ta da yadda za ka saita ta.

Za ka ce ai waya ma tana naɗa. Tana yi, amma don magana aka gina ta. Da kalangu ya tashi sai ta rikice, ta danne sautin da kanta, ta saki, ta sake dannewa, muryar mawaƙin ta riƙa nutsewa tana tasowa. Ga kuma kira da zai iya shigowa ana tsakiyar baiti.

Zaɓen rikoda

Waɗanda aka fi samu kashi biyu ne. Akwai ƙanana irin su Zoom H1n da Tascam DR-05X, masu makirufo biyu a ka da ɗan rami ɗaya na jona siririn kebul. Akwai manya irin su Zoom H4n Pro da H5 da Tascam DR-40X, waɗanda ban da makirufon kansu suna da ramuka biyu a gindi na jona babban makirufo ko mikisa, wato na'urar da mai kayan sauti ke haɗa makirufo da lasifika da ita. In zama da mai goge ko mai gurmi ne burinka, ko hira da dattawa, ƙaramar ta ishe ka. In kuwa majalisi da bukukuwan da ake kafa lasifika za ka riƙa bi, daure ka sayi babbar.

Akwai bambancin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Makirufon H1n a gicciye suke, gaba suke duba, abin da ke bayanka ba sa jin sa sosai. Na DR-05X kuwa ko'ina suke ji, gaba da baya da gefe. Mai son kwaso hayaniyar kasuwar dabbobi ta Mai'adua gaba ɗayanta, ko saukar ruwan farko a kan rufin kwano, mai jin ko'ina za ta fi yi masa daɗi. Mai son ciro muryar mutum ɗaya daga tsakiyar taro, mai duban gaba ita ce tasa.

In ta hannu za ka saya, kada ka biya sai ka sa iyafis, ka murza yatsu kusa da makirufon hagu, ka koma na dama, ka ji kowanne yana amsawa a kunnensa. Buɗe gidan batir ka leƙa. In ka ga farin gari ko kore-kore a jikin ƙarfen, batir ya taɓa fashewa a ciki, a rage maka kuɗi ko ka bar ta.

Kayan da za su bi ta

Memori shi ne na farko, kuma jabunsa ya cika kasuwa. Za a rubuta masa giga 32, waya ma ta nuna maka giga 32, alhali cikinsa bai kai haka ba. Sai ka wuce ainihin girmansa sannan fayiloli su fara lalacewa, kai kuwa ba ka sani ba sai ka koma gida. Gwajinsa ba wuya: cika shi taf da bidiyo a kwamfuta, cire shi, mayar da shi, ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. In duk sun buɗe, mai kyau ne. Duba kuma iyakar rikodarka, don H1n ba ta karɓar wanda ya wuce giga 32.

Batirin tocila mai arha na kan tebur ba na wannan aiki ba ne. Nemi wanda aka rubuta wa Alkaline a jiki, ko mai caji da aka rubuta wa Ni-MH. H1n ƙananan AAA biyu take ci, DR-05X da H5 kuma AA biyu. Kamfanin Zoom ya ce H1n na kaiwa kusan awa 10 da sababbin batura, amma kada ka jira ka ga ƙarshensu. Rikodar da ta mutu tana cikin naɗa tana iya barin fayil ɗin da ba zai buɗu ba. Da ka ga saura sanda ɗaya, sauya su a tsakanin waƙa da waƙa. Yawancinsu suna aiki da fawabank ta kebul, sai dai wasu fawabank ɗin suna kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, don haka ka bar batir a ciki ko da ka jona.

Sai abin saurare. Babban hedifon mai rufe kunne ya fi, in babu, iyafis mai kebul ma ya yi. Sai hular iska. Soson da ake sa wa makirufo na cikin ɗaki ne. Iskar hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas ba ta san da shi ba, sai mai gashi buzu-buzu, wadda za ka ɗora a kan soson. In ba ka samu ta saya ba, tela zai ɗinka maka da ƙyallen gashi irin na 'yar tsanar yara. Na ƙarshe sandar kyamara mai ƙafa uku, ko da ƙarama ce. Ramin da ke jikin rikodar daidai yake da na kyamara.

Saitin da za ka gama tun a gida

Sa batir, kunna, ka gyara kwanan wata da lokaci. Mutane suna tsallake wannan, daga baya su tarar da fayil ɗari duk da kwanan wata guda na ƙarya. Shiga jerin saiti ka gaya mata irin batirin da ka sa, in ba haka ba alamar batirin za ta riƙa yi maka ƙarya. Sa memori ka yi masa fomat a cikin rikodar kanta, ba a waya ko kwamfuta ba. Fomat yana share komai, ka tabbata ka kwashe abin da ke ciki.

Daga nan zaɓi irin fayil. Za ta ba ka WAV ko MP3. Ɗauki WAV. MP3 matsattsen fayil ne, an zubar da wani ɓangare na sautin don ya yi ƙanƙanta, abin da aka zubar kuwa ba ya dawowa. Daga WAV kana iya fitar da MP3 duk ranar da ka so. A ƙarƙashin WAV za ka ga lambobi, zaɓi 48kHz da 24bit. Faifan CD 44.1kHz da 16bit ne. Amfanin 48 shi ne ita ake amfani da ita a bidiyo, in wata rana ka so haɗa sautin da hoto. Amfanin 24 kuwa, tana ba ka dama ka naɗa ƙasa-ƙasa don gudun fashewa, ka ɗaga daga baya ba tare da sautin ya lalace ba. A wannan saitin minti ɗaya yana cin mega 17 da ɗoriya, awa ɗaya giga ɗaya da kaɗan, memorin giga 32 ya ɗauki kusan awa 30. Lamba 96kHz ba ka buƙatar ta, ninka cin wuri kawai za ta yi. In ka ga doguwar naɗa ta rabu gida biyu kada ka tsorata, da yawansu suna buɗe sabon fayil in na farko ya kai giga 2, haɗewa za ka yi a kwamfuta.

Abubuwa uku suka rage. AUTO LEVEL, kashe shi in kiɗa za ka ɗauka, don shi ne ke mayar da rikoda ta yi halin waya. LIMITER, kunna shi, shi ne mai tare bugun da ya zo ba zato. LO CUT yana yanke ƙasan sauti, inda ƙugin iska da rurin mota suke. A H1n za ka ga 80 da 120 da 160. Ga hira ko waƙar baka sa shi a 80, ko 120 in ana iska. Ga ganga da tambari kashe shi, don a can ƙasan ne nauyinsu yake, in ka yanke sai su fito fayau ba jiki.

Kafin ka fito da ita daga aljihu

Ba a ɗora wa mutum rikoda haka kawai. Je ka tun kafin a fara, ka durƙusa ka gaida shugaban makaɗan, ka faɗi ko kai ɗan gidan wane ne. Wani abu kamar haka ya isa: "Ranka ya daɗe, Sarkin Kiɗa, so nake in naɗi wasan nan in adana. Zan kawo maka naka a memori. Ba zan sa a intanet ba sai da yardarka." In dattijo ne mai gurmi a zaurensa, "Baba, in ba damuwa zan ajiye wannan a gabanka." In ya ce a'a, ko ya ce ban da waƙa kaza, to ban da ita. Wata waƙar ta wani mutum ce da ya biya aka yi masa, wata kuma tana da zambon da bai so ya fita gari. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ma ta ba mai wasa iko a kan naɗar wasansa da yaɗa shi. Kuma ka sani kiɗa sana'arsa ce, kada ka je hannu rabbana.

In ya yarda, ka roƙe shi ya maimaita yardar a cikin rikoda bayan ka kunna.

Zaɓen wuri da lokaci

In kai ke da ikon zaɓar wuri, shiga ɗakin ka tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In tafin ya mutu nan take, wurin ya yi. In ya yi ta yawo yana dawo maka, akwai amsa-kuwwa, kuma rikoda za ta ji ta fiye da yadda kunnenka ke ji. Falon zamani mai tayil da fentin mai da silin roba shi ne mafi muni. Ɗakin da ke da katifa da labule da kafet da kaya a rataye shi ne mafi kyau, ko da bai yi kyan gani ba. In dole sai a falon, shimfiɗa darduma da barguna, a rataya wasu a bangon da mawaƙin ke fuskanta. Tsohon soro mai kaurin bango yana tare hayaniyar titi sosai, amma shi ma tafa ka ji, don wani daurin gugan yana mayar da sauti.

Sannan ka yi shiru minti guda da hedifon a kunne. A nan za ka ji abin da ka saba da shi har ka daina ji: fanka, firji, agogon bango, tunkiya a bayan katanga, injin markaɗe a maƙwabta. Kashe abin da za ka iya kashewa. Wayoyin da ke kusa a sa su a yanayin jirgi ko a fitar da su, don wayar da ke neman sabis tana sa wani dit-dit-dit a cikin naɗa.

Maganar wuta kuwa ta ko'ina da matsala. In an ɗauke, janaretocin unguwa su tashi. In an kawo, fankoki da talabijin da injin ruwa su tashi. Lokacin da ya fi lafawa shi ne bayan fitowar rana zuwa hantsi, kafin 'yan acaba da Keke Napep su cika titi. Ka kuma lissafa da lokutan salla. A cikin birnin Katsina, daga Ƙofar Soro zuwa unguwannin da ke kewaye da hasumiyar Gobarau, masallatai kusa-kusa suke, in lokaci ya yi lasifika ta kowace kusurwa za ta tashi, makaɗan ma da kansu za su ajiye. Kada ka bari a fara doguwar waƙa saura minti goma la'asar.

Inda za ka ajiye ta

Nan ne aikin yake, ya fi duk saitin da muka yi a baya. Matsalar kiɗanmu ɗaya ce kullum: ganga ta fi murya ƙarfi nesa ba kusa ba, alhali kalmomin waƙar su ne abin da mai saurare zai nema. A wurin, kunnenka yana ware muryar daga kiɗan don kana kallon bakin mawaƙin. Rikoda ba ta yin haka. Wanda ya fi ƙarfi a inda take shi take ɗauka.

Abin da zai taimake ka shi ne nisa. A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka da abin da ke ƙara, ƙarfinsa yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Ke nan in mawaƙi yana taku ɗaya daga rikoda, makaɗa kuma suna taku huɗu, ka rage wa kiɗan kusan desibel 12 ba tare da ka taɓa wani maɓalli ba. Tsarin da zan ba ka shawara ke nan in za su yarda: mawaƙi a gaban makirufo taku ɗaya, 'yan amshi a bayansa kaɗan su kasu hagu da dama, masu kalangu can baya ko gefe. Rikodar ta tsaya daidai tsayin bakin mawaƙin, kan makirufon yana duban sa.

Sau da yawa ba za su yarda ba, kuma suna da gaskiya. Mawaƙin da ya shekara talatin yana jin kalangu a kafaɗarsa ba zai ji daɗi ba in ka tura makaɗin nesa, waƙar ma sai ta yi sanyi. To kai ne za ka motsa. Sa hedifon, riƙe rikodar, ka zagaya su a hankali suna wasa. Akwai inda za ka zo ka ji muryar ta hau kan kiɗan ta zauna, kowace kalma tana fita. Yawanci ta gefen mawaƙin ne, inda makaɗan suka koma gefen makirufo ko bayansa. Nan za ka kafa sandarka, ko da wurin bai yi kama da inda ya kamata ba.

Kayan tsirkiya sun fi sauƙi. Mai gurmi ko molo ko garaya da ke waƙa da kansa, ajiye rikodar kamu biyu daga gare shi, a tsayin da ke tsakanin bakinsa da ƙoƙon. In gurmin ya rufe murya, ɗaga ta sama kaɗan. In muryar ce ta rufe, sauke ta. Goge da kukuma kada ka matsa musu sosai, don a kusa-kusa ƙarar gugar izga a kan tsirkiya za ta fi daɗin sautin fitowa. Ja da baya taku ɗaya sai ka ji ya yi laushi. Mai magana ko mai waƙar baka shi kaɗai, taƙi ɗaya zuwa biyu daga bakinsa, ka ɗan karkata makirufon gefe don iskar bakinsa kada ta riƙa bugun sa kai tsaye.

In babu sanda, ɗora ta a kan kujera 'yar tsugunne, ka naɗe ƙyalle ka sa a ƙarƙashinta, kan makirufon ya ɗan leƙo waje da bakin kujerar. Kada ka ajiye ta a ƙasa tsirara inda ake kiɗan ƙwarya ko ake taka rawa, girgizar ƙasar za ta shiga. In kuwa a hannu za ka riƙe, riƙe sau ɗaya ka daskare. Jikinta roba ne, duk motsin yatsa yana shiga, har zoben azurfar da ke hannunka. Naɗe kebul ɗin hedifon a yatsa don kada ya riƙa bugun ta.

Saita ƙarfin ɗauka

A fuskar rikodar akwai sanduna biyu masu tsalle, L da R, da lambobi da ke ƙarewa a 0. Sifirin nan shi ne rufi. Sautin da ya taɓa shi ya fashe, kuma za ka ga 'yar jar fitila ta ƙifta ko kalmar PEAK ta fito. Fasasshen sauti tuwo ne da ya kama gindin tukunya, duk abin da ka zuba masa daga baya ƙaurin yana nan. Wanda ya yi ƙasa kuwa ana ɗaga shi cikin daƙiƙa biyar a kwamfuta. Don haka in za ka kuskure, kuskure ta ƙasa.

Ce wa makaɗan su buga maka inda wasan ya fi zafi. Murza abin ƙarfin, wanda aka rubuta wa INPUT ko GAIN ko aka yi masa lambobi 0 zuwa 10, har sandunan su riƙa wasa a wajen -12, bugu mafi ƙarfi kuma kada ya wuce -6. In ka samu haka, sake ragewa kaɗan. Dalili kuwa, babu makaɗin da ke gwaji da ƙarfin da zai yi wasa. Yanzu a sanyaye yake. Bari a fara liƙi, sanƙira ya tashi da kirari, wata ta callara guɗa a bayan kunnenka, ka ga inda sandunan za su kai.

Kada ka rikita wannan da maɓallin VOL. Shi abin da kake ji a kunne kawai yake ƙarawa ko ragewa, bai taɓa abin da ke shiga memori ba. Sandunan za ka yarda da su. Kuma da waƙa ta fara, cire hannunka daga abin murzawar. In ka ga yana neman gyara, jira a kai ƙarshe, sai fa in jar fitilar ta kama ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa, sannan ka rage sau ɗaya ka bari.

Sababbin da Zoom ta fitar a 2024, irin su H1essential, suna naɗa da tsarin da ake kira 32bit float, ba su da abin murzawar ma gaba ɗaya, a kwamfuta ake daidaita ƙarfin. Sun rage wannan wahala, amma makirufon kansa yana da iyakar ƙarar da zai jure, kuma ba su zaɓar maka wurin tsayawa.

Danna REC, ka duba

A H1n dannawa ɗaya ta fara naɗa. A Tascam da H4n kuwa dannawar farko shiri ne kawai: jar fitila tana ƙiftawa, kana jin komai a hedifon, sandunan suna tsalle, amma ba abin da ke shiga memori sai ka sake dannawa. Mutane da yawa sun zauna awa guda a haka. Abin dubawa biyu ne, fitilar ta tsaya cak ba ƙiftawa, lambobin lokaci kuma suna tafiya. In ka ga haka tura maɓallin HOLD ya kulle sauran.

Fara naɗa kafin a fara wasa, ka faɗi da bakinka ranar da garin da unguwar da sunan masu wasan da kayan da ke hannunsu. In wani yana ɗaukar bidiyo da waya, tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamarar, da wannan tafin za ka daidaita sauti da hoto daga baya. In an kai ƙarshen waƙa kada ka yi saurin tsayarwa, ƙirga goma a zuci. Sau da yawa ma abin da dattijo zai faɗa bayan ya ajiye gurmin, wa aka yi wa waƙar da abin da ya jawo ta, ya fi waƙar wuyar samu.

Ranar hawa, wurin lasifika, da cikin gida

Hawan Salla da hawan Bariki a Katsina, hawan Magajiya da Sallar Gani a Daura, ba a bin su da gudu. Je ka da wuri ka kama gefen hanya, bango a bayanka in da hali, ya tare maka iska da turereniya. Fuskanci hanyar ka tsaya, tawaga ta zo ta wuce ka. A hedifon za ka ji algaita ta taso daga kunnen hagu, ta cika kai, ta fice ta dama, ƙarar kayan doki na biye. Kada ka tsaya saitin bakin kakaki ko algaita, ka kasance a gefensu. Rage ƙarfin ɗauka fiye da yadda ka saba saboda 'yan bindiga, don harbi ɗaya a kusa zai kai sandunan rufi. H5 da DR-40X suna iya naɗar kwafi na biyu mai ƙarancin ƙarfi a lokaci guda, yau ce ranar kunna shi. In dogari ya ce ka matsa, matsa, doki bai san rikoda ba.

A majalisi ko bikin da aka kafa lasifika, kada ka ajiye rikoda a gaban lasifikar, yawanci tun daga can sautin ya fashe. Gaida mai kayan sautin ka roƙe shi ya ba ka layi daga mikisa, ramukan nan ja da fari da aka rubuta wa REC OUT ko TAPE OUT. Taho da kebul ɗinka, kada ka sa rai yana da shi. Fara da ƙarfin ɗauka a can ƙasa, don abin da ke fitowa daga mikisa ya fi na makirufo ƙarfi sosai, kuma ka tabbata wutar 48V, wadda rikoda ke tura wa wasu manyan makirufo, a kashe take. Bar rikodar a kan batir. In ka jona ta a wutar janareton da mikisar ke kai, kana iya samun wani zuuu da ba ya tsayawa. Manyan rikodar masu layi huɗu suna ɗaukar mikisa da makirufon kansu a tare, ka samu murya tsaf daga can, amshin jama'a da tafi daga nan.

Kiɗan ƙwarya da amada da shantu na cikin gida ne, namiji ba ya shiga. Saita komai a zaure, ka bar ƙarfin ƙasa-ƙasa saboda guɗa, ka danna REC da HOLD, ka ba ƙanwarka ko gwaggonka. Ita za ta nemi izinin uwar biki da zabiya, ta ɗora a kan kujera kusa da zabiyar, nesa da ƙoren. Muryoyin matan mutane ne a ciki, da hirarsu, wannan ba ta Facebook ba ce.

Bayan an tashi

A daren nan kwashe fayilolin zuwa kwamfuta, ka sake kwafa a wani wuri na biyu, filas ko wani memorin, kafin ka share komai. Sauya musu suna tun kana tune: shekara, wata, rana, gari, mai wasa, misali 2025-06-08 Daura algaita. A sunan fayil bar haruffa masu lanƙwasa, wasu rediyoyin mota da ƙananan wayoyi ba sa karanta su.

Na asalin kada ka taɓa shi, kwafi za ka gyara. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. Yanke farko da ƙarshe, ka zaɓi Normalize ka sa -1, sautin da ka naɗa ƙasa-ƙasa zai taso daidai. Abin rage hayaniya da ke cikinta ka taɓa shi da sauƙi ko ka bar shi, in ya yi yawa murya takan koma wata iri, goge kuma ya rasa zaƙinsa. Ɗan kukan zakara a bayan waƙa bai ɓata komai ba. Fitar da MP3 a 192kbps don rabawa, kusan mega ɗaya da rabi a minti. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin Document don ya isa yadda yake. Na mai wasan kuwa sa masa a memori ka kai masa da kanka, ka gwada a wayarsa ko rediyonsa ka ga ya buɗe.

Ita kuma rikodar, kada ka bar ta cikin mota a rana, musamman da bazara. In za ta kwana biyu ba aiki cire batura, ka kakkaɓe hular gashin, ka sa ta a leda mai zif saboda ƙurar hunturu. In ƙura ta shiga ragar makirufon, share da busasshen burushi mai laushi kan yana kallon ƙasa, kada ka hura da baki.